Kwana Talatin da Shida, Raba Uku

Shekarun baya, ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba, ina gyaran keke a kasuwar Makarfi. In na ce ina da rumfa na yi ƙarya, gindin wata tsamiya ne da buhu biyu da kwanon ruwan da nake neman huji da shi. Ranar kasuwar Ikara in ɗaure akwatin kayan aikina a kariya in tafi can, ranar ta Kudan ko Hunkuyi in juya can. Babu burtali, babu 'yar hanyar fadama a wannan yanki da tayata ba ta taka ba. Shi ya sa nake ganin ni masanin hanya ne.

Aji huɗu na yi a makaranta, kuma ni ne na ɗaya a lissafi, ba yabon kai ba. Mahaifina baduku ne. Ina ɗan shekara bakwai ya bi ayarin Buzaye arewa da jakunkunan fata da kuben wuƙa, wai zai sayar ya dawo kafin daminar baɗi. Damina ta zo ta wuce sau goma sha bakwai. Da nauyinmu ya yi wa baffana yawa sai ya cire ni daga makaranta ya jefa ni gonar rake. Waɗanda nake raɗa wa amsa a aji, yau su ne ke wuce ni a mota suna ɗaga min hannu kamar masu korar ƙuda. Wannan wani zance ne daban, mu bar shi.

Wata ranar kasuwa da rani wani tsohon Buzu ya tsaya a kaina. Madugun ayari ne, cikin masu saukowa daga Azbin bayan kaka da gishirin manda da dabino. Sukan sauka a gonakin mutane, raƙuma su ci kara su bar taki, su kuma su sayi hatsi su koma gida kafin ruwa ya sauka. Tsohon tub na tayar keke yake nema, zai yi guga da shi. Na miƙa masa, bai karɓa ba. Ya tsaya yana kallona ta tsakanin rawani.

"Ɗana, ɗan gidan wa ne kai?"

Na faɗa masa.

"Baduku?"

"Da can, Baba. Yanzu ban san ko mene ne ba. Ban ma san ko yana duniya ba."

"Yana duniya," in ji shi. Ya ɗago 'yar jakar da ke rataye a wuyansa. "Shi ya ɗinka wannan. Goshinku ɗaya."

Ya tsuguna ya ba ni labari. Wai mahaifina yana wani ƙauye a cikin duwatsun Azbin, gaba da Agadas. Ya yi aure can, yana da 'ya'ya mata. Ƙafafunsa sun kumbura, ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Shi ya roƙi madugun in ya zo ƙasar Zazzau ya yi cigiyar gidanmu.

"In kana son ka gan shi da idonka, bana ce," in ji Madugu. "Baɗi ban ɗaukar maka alkawari ba."

Ba zan ce ƙauna ce ta kama ni ba, don ba na son in yi muku ƙarya. So nake in ga wace irin ƙasa ce take riƙe mutum shekara goma sha bakwai. Kuma so nake in tsaya a gabansa in ji da wane baki zai gaishe ni.

Da na koma gida na tsuguna a ƙofar ɗakin girki na faɗa wa mahaifiyata. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi min magana ido da ido. In za ta gaya min abu sai ta gaya wa tukunya, ko kaza, ko bango, ni kuma in ɗauka daga can. Ta daɗe tana tuƙa tuwo. Can ta ce wa muciya, "Ashe mutumin nan bai mutu ba." Shi ke nan abin da ta ce ran nan.

Za ku ce me ya hana ni shiga mota. A lokacin motar arewa ta masu hali ce, kuma an ce daga Damagaram sai ka yi mako kana jiran babbar mota ba ka samu ba, in ka samu ma ba ta hawa dutse. Amma gaskiyar magana ban ko yi tunanin mota ba. Ni mai keke ne. Tun a gindin tsamiya na riga na ga kaina ina shiga ƙauyen nan ina kaɗa ƙararrawa, mutane suna fitowa kallo, ana cewa ɗan baduku ne ya zo daga Zazzau a kan ƙarfe.

Ina da aboki tun na aji ɗaya. Shi ya ci gaba da karatu har ya zama malamin makaranta. Shi kaɗai ne cikin 'yan bokon da bai daina zama a kan buhuna ba. Ranar Asabar ya naɗo min taswirar da ke bangon ajinsa, muka shimfiɗa ta a zaure muka danne kusurwoyin da duwatsu. Ban taɓa zama na kalli taswira da kyau ba sai ran nan. Ga Zariya, ga Kano, duk an shafa musu kore. Makarfi ko ɗigo ba a yi mata ba. Kana yin sama koren yana ƙarewa, sai rawaya, sai wani fili fari fat babu rubutu ko ɗaya. A tsakiyarsa ga wani tabo ruwan ƙasa kamar an zubar da miya.

"Wannan fa, Malam?"

"Duwatsun ke nan. Can babanka yake."

"To wannan farin, me ke cikinsa?"

"Babu komai."

"Babu komai ne, ko Baturen da ya zana bai je ba?"

Ya yi dariya ya ce wannan tambayar ta fi ƙarfin albashinsa. Muka ɗauko zare muka auna daga Zariya zuwa tabon. Bai kai kamu biyu ba. Na ce, "Haba, nan da nan?" Ya ce taswira ba ta nuna rijiya, gara mu je mu tambayi wanda ya taka da ƙafarsa.

Ayarin ya sauka a wata gona bayan Kudan, kusa da wani rafi da ya ƙafe. Muka je da la'asar da ƙunshin mazarƙwaila. Aka yi gaisuwa, ina gajiya, ina rana, ina bisashe, ina mutanen gida, aka sake komawa farko. Sai da muka sha shayi ƙaramin kofi uku kafin Madugu ya share ƙasa da tafin hannu ya ɗauki tsinke. Ya yi ɗigo ya ce nan muke. Ya ja layi zuwa Kano, zuwa Damagaram, zuwa Damargu, zuwa Agadas. Duk inda ayari ke kwana sai ya dangwala tsinken ya ce zango. Duk inda akwai rijiya sai ya ajiye kashin raƙumi guda. Ni kuma ina kwafa a littafin da abokina ya ba ni.

Ran nan na yi tambaya har abokina ya fara taka min ƙafa. Rijiyar zurfinta gaba nawa? Ruwan yana da gishiri? In babu itace da me ake girki? In iska ta share sawu yaya ake gane hanya? Dutsen nan ana hawansa ne ko zagaya shi ake yi? Madugu bai gaji ba. Ya ce duwatsun baƙaƙe ne kamar gindin tukunya, tsakaninsu akwai kwazazzabai, hanya tana bin cikinsu kamar zariya a wando. Ya ce akwai inda ruwa ke kwance a cikin dutse shekara da shekaru, sanyinsa har haƙori. Ya ce a ƙauyen mahaifina akwai lambuna, sa ne ke jawo guga, ana noma alkama da albasa a ƙarƙashin dabino. Alkama a cikin dutse a tsakiyar hamada! Na ce a raina, to, ko ni ne sai in zauna.

Da ya gama na ƙirga ɗigon, zango talatin da shida. A tsakanin Damargu da Agadas akwai wurin da ya yi ɗigo uku a jere babu kashin raƙumi ko ɗaya.

"Nan kwana uku babu ruwa," in ji shi. "Abin da ka ɗauka shi ne naka."

Kafin mu tashi na yi masa tambaya guda wadda nake ganin ta masu ilimi ce. Na ce daga nan Kudan zuwa Zariya raƙumi da kaya yana yin nawa? Ya ce wuni. Na yi murmushi, don ni in na tashi bayan asuba kafin hantsi ya yi zafi na shiga Zariya.

A hanyar komawa na gama lissafina a ka. Keke ya ninka raƙumi uku. To talatin da shida raba uku, goma sha biyu. Kwana uku babu ruwa raba uku, wuni ɗaya. Salka guda ta ishe ni. Na je gida na ja layi da rula na rubuta komai tsaf: rana ta ɗaya ina zan kwana, rana ta biyu ina zan kwana, har rana ta goma sha biyu da zan kaɗa ƙararrawa a ƙofar baduku. A shafi na biyu na jera kaya, tub huɗu, faci, sholisho, famfo, sili, giris, ƙuli-ƙuli, gumba, bargo saboda sanyin dutse. Abokina ya duba ya ce, "Lissafin dai babu kuskure." Ya ja maganar kamar akwai saura, amma shi ma bai san mene ne sauran ba. Iyakarsa arewa Kano ce, ita ma a jirgin ƙasa.

Lissafin nan shi ne kuskurena na farko. Na biyu shi ne baki. Kafin mako ya zagayo duk kasuwar Makarfi ta ji. Mai shayi ya ji, 'yan rake sun ji, a Ikara ma ina sauka ake ce min, "A'a, mai zuwa Azbin a kwana goma sha biyu, ba ka tafi ba?" Ni kuma ina hura hanci ina cewa su jira.

Na koma Kudan da littafina don in nuna wa Madugu, abokina yana biye. Madugu ba ya karanta boko, sai na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe.

"Ɗana, kwana talatin da shida na ba ka. Ina sauran?"

"Na raba su uku, Baba."

"Ka raba. Wa ka ba kashi biyun?"

Abokina ya ƙyalƙyale. Ni kuwa na gyara zama na yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai je makaranta ba. Na kawo masa misalin Zariya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Tashi mu gani." Ya sa aka cika salka da ruwa aka ɗaure min a kariya, aka ƙara ɗan buhun gero a madadin guzurina. Ya jawo wani raƙumi da kaya a bayansa, muka gangara cikin rafin nan da ya ƙafe. Ya nuna wata kuka a can gaba, ba ta fi jifa uku ba.

"Ka riga ni can sau uku."

Na hau. Na taka feda sau ɗaya, sau biyu. A na uku tayar gaba ta nitse cikin yashi, kan keken ya karkace, tayar baya tana juyawa a wuri ɗaya tana watsa min ƙasa a wando. Na miƙe tsaye a kan feda da dukkan ƙarfina. Sai ga ni a ƙasa, keke a kaina, salka a kan keke. Na tashi na sake hawa, na sake faɗuwa. Na haƙura na fara turawa. Wanda bai taɓa tura keke da kaya a cikin yashi ba, bai san cewa ƙarfe yana da taurin kai ba. Raƙumin kuwa ya wuce ni yana tuƙa, yana ɗora faffaɗar ƙafarsa a kan yashin kamar yana taka tabarma. Da na isa kukar harshena ya bushe, Madugu yana zaune a inuwa yana jan carbi.

"Wannan yashin rafi ne," in ji shi. "Akwai laima a ƙarƙashinsa, yana da kirki. Namu ba shi da kirki. Ba duk hanyar ce haka ba, akwai tsandauri inda za ka wuce mu kamar iska. Amma inda babu ruwan nan, yawancinsa haka yake. In ka kai dutse kuma kai za ka ɗauki keken, ba shi zai ɗauke ka ba."

Abokina ya iso yana share hawayen dariya. "Ka gane inda ka faɗi? Ba rabawa ba ce, ninkawa ce. Kwana ukunsa kwana shida ne naka, ko tara. Da salka ɗaya!"

Na ce masa ya rufe min baki, shi da ya ce babu kuskure.

Madugu bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, saurara. Kwana tara suka rage mu tashi. Ka bar ƙarfen nan a gida ka bi mu. Za ka yi tafiya da ƙafa kamar kowa, in ka gaji ka hau. Ruwanmu ruwanka. Kwana talatin da shida in Allah ya yarda kana gabansa."

Ga inda nake son ku ji da kyau. Mutumin nan ya buɗe min ƙofa, ya riƙe min ita. Na ce masa zan yi shawara. Shawarar da na yi kuwa da kaina na yi ta, a kan keke, daga Kudan zuwa Makarfi. Ina jin muryar mai shayi yana cewa mai keke ya koma jan raƙumi. Ina ganin kaina ina shiga ƙauyen nan a ƙasa, ƙafa duk faso, daidai yadda shi mahaifin nawa ya shiga. Ni da na so in je masa a matsayin wanda ya zama wani abu ba da taimakonsa ba. Na ce a'a. Ba keken ne ya gaza ba, shiri ne bai yi ba. Zan gyara shiri in bi su a baya.

Mahaifiyata ta ji, ban san wa ya gaya mata ba. Ana gobe ayarin zai tashi na tarar ta daka gumba cike da ƙwarya, ta ɗaure a tsumma ta ajiye a ƙofar ɗakina. Ta koma tana tankaɗe, ta ce wa rariya, "Wai a gaya wa mai keken nan, ƙafa ma Allah ne ya yi ta."

Na ce, "Inna, ba ki gane ba ne."

Ta ce wa rariyar, "To."

Gumbar ni na cinye ta a gindin tsamiya.

Daminar nan duka a kan shiri na ƙare. Na yanka tsohuwar taya na cusa a cikin sabuwa saboda ƙaya. Na gano in ka rage iska taya ba ta nitsewa sosai. Na ƙera kariya ta biyu a gaba don salka uku. Duk Buzun da ya rage a ƙasar nan yana gadi ko kiwo sai da na bi shi na tambaye shi ina tsandauri yake, ina yashi yake, na sake zana hanya mai zagaye. Sabon lissafina ya ba ni kwana ashirin da takwas. Da ruwa ya ɗauke na koma rafin Kudan ni kaɗai, na yi ta gwadawa har na iya kaiwa kukar nan ba tare da na sauka ba. Ranar da na kai na yi ihu, babu kowa sai shanu.

Bayan kaka ayarin ya dawo. Na je da littafina a aljihu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ina lura Madugu bai kawo zancen ba. Da aka zuba shayi na biyu ya ce, "Allah ya yi masa rasuwa. Mun same shi da rai. Ya yi wata biyu bayan isarmu."

Wata biyu. Na yi salati, na yi masa addu'a kamar yadda ake yi. Sannan na tambayi abin da ke ci na.

"Ka gaya masa ka gan ni?"

"Na gaya masa. Na ce ɗanka ya girma, yana da sana'a. Na ce na yi masa tayi ya bi mu ya ƙi, ya ce shi sai a kan kekensa, yana can yana lissafin kwanaki."

"Me ya ce?"

"Can ya ce, nawa ne."

Na ajiye kofin. Kun san kalmar nan biyu ce a bakin Bahaushe. In ka ja ta, nawa ne, ɗana ne, halina ne ya ɗauko. In ka sauke ta, nawa ne, tambaya ce, kwana nawa zai yi kafin ya iso. A bakin Madugu kuwa duk ɗaya suke fita, Hausarsa a miƙe take babu hawa babu sauka.

"Baba, faɗa ya yi ko tambaya ya yi?"

Ya sake maimaitawa yadda ya ji. Na ce ya ƙara. Ya ƙara. Sai ya ce, "Ɗana, numfashinsa ya yi ƙasa, Hausata kuma ba ta kai nan ba. Da kana wurin da ka ji da kunnenka."

Ban taɓa zuwa Azbin ba. Yanzu na haura hamsin, gwiwa ta fara ƙara, kuma in na je wa zan gaisar? Na daɗe ina cewa baffana ne ya cuce ni, boko ne ya cuce ni, mahaifina ne ya cuce ni, kuma har gobe ban janye ko ɗaya ba. Amma wannan guda ɗaya babu wanda ya yi min ita, ni na yi wa kaina da rula da fensir.

Abin da ya rage min shi ne kalmar. Wata rana ina faci sai in ji na faɗe ta a bakina, in ja ta in saurara, in sauke ta in saurara. In ya ce ni nasa ne, to ya makara da shekara goma sha takwas, amma dai ya faɗa. In kuwa tambaya ya yi, to mutumin ya kwanta wata biyu yana ƙirga kwanakin da ban taho ba. Na zaci in na rubuta ta a takarda zan ga bambanci. Ga ta nan na rubuta, haruffa huɗu ne duk biyun.